Babban Yatsan Halidu

Harobanda, Yamai
7 ga Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Abdulrazak da yara, da fatan zafin Damagaram bai narkar da ku ba. Mu nan lafiya. Maiɗakina Rahina ta tashi daga masassarar da ta kwantar da ita kwana biyar, ta ce in gaya miki maganin da kika faɗa mata ɗaci gare shi kamar halinki.

Na san za ki yi dariya ganin wasiƙa a hannun Kadi mai tabarmi alhali ga salula. Ki yi. Ƙauyen da aka kai ki aikin ungozoma sai an hau tudu ake samun rezo na yin waya, kuma saƙon murya yau yana wurinki, gobe yana wurin mutum ɗari. Maganar nan ba ta salula ba ce.

Ga abin da ya faru, bi da bi yadda na rubuta a kaye, littafin rubutuna. An liƙa sanarwa cewa ranar Lahadi 24 ga Nuwamba mutanen unguwarmu za su jefa ƙuri'a a kan tambaya ɗaya: a yanki rabin fadamar bakin kogi a yi tashar ƙananan motoci, I ko A'a. Rabin na sama ake nufi, inda tsohuwa Fatuma da mata goma sha tara suke da fangali. Bayan kwana biyu aka kira sakatarorin ƙungiyoyi a biro, wato ofishin da ke riƙe da takardunmu. Wani mai gilashi ya karanta mana doka sau biyu. Ƙungiya mai takardar izini tana iya koya wa mutane yadda ake jefa ƙuri'a, amma ba ta da ikon cewa a zaɓi wannan ko wancan. Wadda ta faɗa, an karɓe takardarta. Kin fi ni sanin nauyin wannan, tunda ke kika yi shekara biyu kina zirga-zirga kafin Ƙungiyar Matan Gaɓa ta samu tata, kuma har yau ke ce shugaba. Da sunan ƙungiya aka ba mu aron fadamar. In ƙuri'a ta ce I, mun rasa rabi. In takarda ta tafi, mun rasa duka.

Shekaranjiya Asabar na tara matan a ƙarƙashin mangwaro. Samfurin takardar ƙuri'a guda ɗaya aka ba mu, mai gida biyu: kore na I a hagu, ja na A'a a dama. Da na kai fotokofi, gidajen duka biyu suka fito toka-toka. Cikin mata arba'in da biyu, huɗu ne ke karatu, kuma kin san yadda sukan dangwala a kan layi ƙuri'a ta lalace. Sai na shafa tawada a babban yatsana, na dangwala a tsakiyar gida ɗaya, aka fitar mini sittin, don su ga yadda yatsa ke zama ciki bai taɓa layi ba. Na faɗa da Hausa, Fatuma ta maimaita da Zabarmanci, cewa wannan misali ne kawai.

Gidan dama na dangwala. Na tambayi kaina dalili, ina ganin don shi ne kusa da hannuna. Amma da za a watse Fatuma ta naɗe tata ta soke a ɗankwali, ta ce, “Fofo, mun gode, Malam Sakatare. Kai ba ka ce komai ba, mu ma ba mu ji komai ba.” Sauran suka kwashe da dariya. Tun daga nan ban ji daɗin abinci ba.

Ga guda na sa miki. Ki duba ki gaya mini ko na yi ɓarna, amma kada ki rubuta abin da zai cuce mu in wasiƙar ta faɗa wani hannu.

Naki,
Halidu

Wajen Damagaram
15 ga Oktoba

Bawana Halidu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai aiki. Haihuwa bakwai na karɓa a makon nan, har da tagwaye. Ka ce wa Rahina ɗacin ne ya tashe ta. Malam yana gaishe ka. Ƙaninsa Isaka ma ya zo mana daga Yamai, kwanansa uku, ya ce kullum yana ganinka kana wucewa da kaye a hammata kamar mai ƙidayar jama'a.

Na ga yatsanka. Ban san faɗinsa ya kai haka ba, amma gado ne. Kakana yakan ce ƙanwarsa, kakarka, da yatsa ɗaya take toshe bakin tulu.

Halidu, shekararka arba'in da ɗaya. Ka gama kolej, ɗalibai ɗari uku kake tsawatarwa a lakkol kullum, amma gida biyu a takarda sun ruɗa ka? Ka ce kada in rubuta a fili, to ba zan rubuta ba. Abin da ka yi bai yi ba. Ka gyara shi tun kafin idon da bai kamata ba ya gani. Ni ma zan tambayi wanda ya san kan biro-biro in ji girman abin.

Su wa suka karɓa? Akwai wadda ba ta cikin ƙungiya? Mai fotokofin fa, wane ne?

Ka gaida Fatuma da Mariyam mai shu, wato kabeji. Ka ce su daina yi wa bawana dariya, ni kaɗai ke da wannan iko.

Uwargijiyarka,
Zulaiha

Harobanda
24 ga Oktoba

Taubashiya,

Ina fatan kuna lafiya, ke da tagwayenki na aro. Mu ma lafiya, sai dai kaina da ke sarawa tun ranar Asabar.

Layin nan naki na karanta sau shida: “ka gyara shi.” Na rubuta hanya biyu a kaye. Ko in bi gida-gida in karɓe takardun, ko in daidaita su. Na ga in na bi ina karɓa, unguwa za ta ce me ake ɓoyewa. Sai na ɗauki ta biyu, ina zaton ita kike nufi. Na sake dangwalawa, wannan karon a gidan hagu, aka fitar da wasu sittin, don duk wanda ya ga ta farko ya ga ta biyu ya san ba mu da ɓangare.

Ranar Asabar na raba musu. Fatuma ta zaro tsohuwar daga ɗankwali, ta riƙe ɗaya a kowane hannu, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Malam Sakatare, wancan karo nan, yau kuma nan. Yatsan ne ya yi tafiya da kansa, ko jan shi aka yi?”

Na ce duka biyun misali ne.

Mariyam ta ce, “Misali ya sha shayin direbobi.”

Wata daga baya ta ce an yi mini alkawarin rumfa a tasha, in riƙa sayar da bik na rubutu da kaye. Fatuma ta ce in bar kewaye-kewaye in faɗi wanda za su bi. Na ce doka ta hana ni. Ta ce, “Mako biyu da suka wuce dokar tana ƙauye ne?” Ba wadda ta yi mini sallama da za su tafi. Jiya Rahina ta je fadama, matar da ta saba cika mata kwano da zogale ta ce bai yi ba tukuna, alhali ga rassa har ƙasa.

Amsar tambayoyinki: mai fotokofi wata mata ce a hanyar Lamorde, ko duba takardar ba ta yi ba. Cikin sittin na farko, arba'in da biyu na wurin ƴan ƙungiya, shida wasu sun ɗaukar wa maƙwabta, goma sha ɗaya suna akwatina, ɗaya tana wurinki.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in faɗa. Ranar Talata na ga Isaka a rumfar mai shayi ta bakin titi, tare da mutanen da ke neman a yi tashar. Ba wucewa yake ba, shi ke riƙe da ƙyallayen kore yana raba musu. Ya ɗaga mini hannu, murmushin ya yi yawa. Na rubuta ranar da lokacin kawai. Wanda kika ce za ki tambaya, wane ne shi?

Ki ba Kadi amsa kafin ta juyo.

Halidu

Harobanda
5 ga Nuwamba

Zuwa ga Shugabar Ƙungiyar Matan Gaɓa,

Bayan gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Nan ba wanda ke kwance. Kwana goma sha biyu ke nan ban ji daga gare ki ba, Kadi ma ba ta dawo ba, don haka na aiko wannan ta hannun Maman, direban kar, wato motar bas.

Jiya Litinin aka kira ni biro. Mai gilashi bai ko amsa gaisuwata duka ba, ya buɗe aljihun tebur ya shimfiɗa takardar farko a gabana. Ya ce yatsan wa ne. Na ce nawa. Na ciro ta biyu na ajiye kusa da ita, na yi masa bayani yadda na tsara tun a gida. Ya cire gilashin ya goge ido don dariya, ya ce, “Wato ɓangare biyu ka yi wa kamfe. Ban taɓa ganin irinka ba.” Daga nan ya daina dariya. Ya ce ta farko ce aka kawo ƙara a kanta. Kafin 20 ga wata, ko mu kawo rubutaccen zaman taro da ke nuna aikin mutum ɗaya ne kuma ƙungiya ta sauke shi, ko mu kawo takardar izini da hannunmu.

Yana magana ni takardar nake kallo. Na matan nan na san su. Kowace ta sha ɗankwali, ga jirwayen gumi, ga man kai, wasu har da ƙasa. Wannan fes take. An naɗe ta uku kuma an karya kusurwar dama, yadda nake yi saboda ambulan ɗina ƙanana ne. Da na dawo na buɗe akwati, sha ɗayan suna nan, ba wadda aka naɗe. Guda ɗaya tak na naɗe haka a duniya.

Na zauna na jera abin da na sani. Isaka yana gidanku lokacin da takardar ta iso. Kin tambaye ni su wa suka karɓa, kamar mai son sanin ko akwai wata hanya da za a ɗora wa laifi. Kin ce in gyara, na gyara, gyaran ya raba ni da matan. Na tambaye ki suna ɗaya, kika yi shiru.

Na nemi dalili ban samu wanda ya zauna ba. Ko kin gaji da ɗaukar sunan ƙungiyar da kika bari shekara huɗu? Ko an yi wa dangin mijinki alkawarin wani abu a tashar? In haka ne da kin faɗa mini, da na san da wa nake.

Mai yiwuwa na zalunce ki. Wannan ce ta uku da na rubuta, biyu na yaga. Na sha zaton abu ya zama ba haka ba, Rahina shaida ce. Amma naɗin nan na gan shi da idona, na kuma sa hannu na taɓa kusurwar.

Sakatare,
Halidu

Wajen Damagaram
11 ga Nuwamba

Halidu,

Lafiyarmu lau, tunda ka tambaya a layi ɗaya.

Tun 27 ga Oktoba na ba ka amsa. Kadi ta sauka Maradi, ƴarta ta shiga naƙuda mai wuya har aka yi mata aiki, wasiƙata tana cikin jakarta har yau. Bari in sake faɗin abin da ke ciki, in ka ga dama ka gwada su biyun, tunda aikinka ke nan.

Takardar tawa ce. Isaka na tambaya. Ya yi shekaru yana yi wa mutane bin takardu a biro-biro, na ce ya duba ya gaya mini ko wannan zai jawo mana wani abu. Ya ce akwai wanda zai nuna wa a asirce, ya sa a aljihu. Ban san yana cikin masu neman tasha ba sai da wasiƙarka ta zo. Ranar na hau tudu da tsakar rana na kira shi. Ya ce wai shi tambaya kawai ya je yi, sai suka riƙe. Malam ya karɓi salular ya faɗa masa abin da ba zan rubuta ba, har yau ba su sake magana ba.

Wauta ce na yi, na ɗauka, ba na neman rabawa da kowa. Amma ka zauna da bik ka jera ni layi-layi har ka kai ga na sayar da fadama? Ni da na ɗauki ƙasar shingenta a ka ina da ciki wata bakwai? Kai ka riƙe mini lema ranar da muka je karɓo takardar nan, ko kayenka bai rubuta wannan ba?

Kuma da na ce ka gyara, nufina ka tattara su ka sa a murhu. Wa ya ce ka ƙara yatsa? Kai ka hana ni magana a fili, ga abin da ya haifa.

Yanzu kwana tara suka rage. Sun ce mutum ɗaya suke so. Ka rubuta cewa shugaba ce ta ba da umarni, a sauke ni. Ina nesa, ba abin da zan rasa sai suna. Ga farar takarda na sa a ciki, na sa hannu a ƙasa, saman babu komai. Ka rubuta abin da ka ga dama. Mutumin da ke zargina nake ba wannan, ka lura.

Zulaiha

Harobanda
19 ga Nuwamba

Taubashiyata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara. Muna lafiya. Ƴar Kadi ta samu sauƙi, namiji ta haifa.

Kadi ta iso ranar Juma'a da wasiƙarki ta 27 ga Oktoba. Zan faɗa miki gaskiya ko da za ki ƙara fushi. Na gwada su biyun. Na kuma tambayi Kadi ranar da kika ba ta, ta ce, “Malam, ni ɗinkin ƴata nake lura da shi, ba kalanda ba,” amma ambulan ɗin ya sha man kaɗanya da gogayyar jaka irin ta kusan mako uku. Na zalunce ki a babban abu. Ki yafe mini. Kunyar abin ta hana ni kallon farar takardarki har gari ya waye.

Ban rubuta abin da kika ce ba. Na sake karanta dokar ƙungiya. In shugaba ta sauka sai an sabunta takardar izini da sabon suna, kuma kin san a wannan yanayi in ta shiga biro ba lallai ta fito ba. Sakatare kuwa taro ke naɗawa, taro ke saukewa. Ban da haka yatsan nawa ne. Na daɗe ina cewa gidan dama ya fi kusa da hannu. Takardar nan faɗinta bai kai tafin hannu biyu ba, Zulaiha. Na san inda na dangwala.

Ranar Asabar na kira taro. Da ƙyar suka zo, sai da Rahina ta bi su fangali-fangali. Na faɗa musu komai, har da Isaka. Mariyam ta ce, “Wannan kuma misali na uku ne?” Fatuma ta ce mata ta yi shiru. Ta tambaye ni in an sauke ni takarda za ta tsaya, na ce haka aka ce. Ta ce in ba a sauke ni ba fa, na ce ranar ashirin za mu miƙa ta. Ta ce to me ake jira, ta ɗaga hannu. Talatin da tara suka ɗaga, uku ba su zo ba. Ni na ƙirga, ni na rubuta a saman sa hannunki cewa Halidu ya yi gaban kansa ba da sanin ƙungiya ba. Suka naɗa Fa'iza, wadda ta fi sauran karatu. Na miƙa mata hatimi da kayen ƙungiya guda tara, na shekara tara. Ta tambaye ni ko dole ne ta riƙa rubuta har lokacin da kowa ta iso taro. Na ce ba dole ba ne. Abin ya ɗan yi mini ciwo.

Jiya na raka ta biro. Mai gilashi ya karanta sau biyu, ya buga hatimi, ya ce takardarku tana nan. Fatuma ta riga ta sa ni in yi masa wata tambaya, na yi: mutumin da ba ya riƙe da muƙamin kowace ƙungiya, dokar ta shafi bakinsa? Ya ce ba ruwansa da bakin mutum shi kaɗai. Na ce ya maimaita. Ya ce in fita.

Da la'asar na biya fadama. Suna ban ruwa, injin yana ta ƙara. Akwai wani a kan babur a bakin hanya, ban san ko mu yake kallo ba ko mai sayar da ganyen salati yake jira. Fa'iza ta ba su labari, ba wadda ta yi guɗa, Fatuma ta ajiye bokiti ta zo gabana.

Ta ce, “Yanzu kai wane ne?”

Na ce ba kowa.

“Kana da hatimi?”

Na ce babu.

“Mu ma nan ba taro muke ba, ruwa muke ba shu. To ɗan unguwa, ranar Lahadi ina za ka sa wannan ƙaton yatsan?”

Na waiga wajen mai babur. Na ce, “Gidan A'a.”

Mariyam ta ce inji ya cinye maganar. Na sake faɗa. Fatuma ta kama kunnenta ta ce ita tsohuwa ce. Sai na buɗe murya yadda nake yi wa ƴan aji shida in sun hau katanga, har mai kwalekwale a tsakiyar kogi ya juyo. Ban taɓa jin muryata haka a wajen lakkol ba. Ba wanda ya zo ya karɓi komai.

Ban san yadda ƙuri'ar za ta kaya ba. Masu son tasha suna da yawa, wasunsu ma da hujja, ƴaƴansu ba su da aiki. Kwana biyar suka rage. Fatuma ta ba ni layin bayan masallaci, gida talatin da ɗaya, in fara gobe in na taso daga lakkol. Na bakwai gidan Isaka ne, kuma ba zan tsallake shi ba.

Naki,
Halidu